Allon Kawu Mai Layi Huɗu

Ni dai har gobe ban yahe ma wanda yac ce ma Kawu na iya ordinatar, wato kwamhuta, ba. Ina zamana lahiya, ina kabu-kabuna tsakanin tasha da kasuwar Dogon Dutsi, in samu na isansi, wato man moto, in samu na shinkahwa da wake, ba ruwana da kowa. Lakkwal kuwa tun tuni munka rabu ba tare da hwaɗa ba. Sau biyu niz zauna jarrabawar birebe, sau biyu tac ce in koma gida in huta. Abin da nis sani na ordinatar bai wuce wasan ƙwallo da zuba ma mutane waƙoƙi cikin waya ba. Amma a gidanmu, in dai ka iya cewa bonjur ba ka ciji halshe ba, to kai ne injiniya, kai ne likita, kai ne mai karanta takardar zandarma.

Kawu wan innata ne. Wake shike saye shina tarawa, shina da mangaza, ɗakin ajiyar kaya, a bakin gudron, babbar hanyar kwalta. Mutum ne mai gemu da ɗagaggen wando, ba shi jin kiɗa, ba shi gaisawa da mata, kuma makullan duniya duka a ƙugunai suke, ɗaure da igiya, in shina tahiya kamar jakin mai ruwa da gwangwanaye. Moton da nike kabu-kabu da shi nashi ne. Wanga shi ne inda an ka kama ni.

Abin ya hwaro ne daga wani baƙo da yaz zaka daga Yamai neman wake da yawa. Yad duba buhunan Kawu, yay yaba, sannan yac ce: "Alhaji, kuna da sit? Patarona, mai gidana, shina son shi gani a intanet kahin shi aiko mota." Kawu bai san mi a ka ce ma sit ba, yac ce insha Allahu ana kawowa sati mai zuwa. Baƙon yay yi murmushi yat tsallaka mangazar maƙwabci, wani Alhaji da su da Kawu suke sallah sahu ɗaya amma kowa na ƙirga buhunan ɗan'uwanai da wutsiyar ido.

Da la'asar yak kira ni.

"Kai ɗan lakkwal, sit nike so."

"Wane iri, Kawu? Mai miya ko gaya?"

Bai yi dariya ba. Yam miƙo hannu yac ce in ba shi makullin moto shi gani. Ni kuma da wauta nib ba shi. Yak kwance igiyar ƙugunai, yaz zura shi tsakanin na mangaza da na ɗakin matatai Hajiya, yaɗ ɗaure.

"Ran da nig ga wakena cikin waya, ran nan za ka ga makullinka. In ba haka ba na san ka, kana jin an ce moto za ka bar ni tsaye."

Haka nik koma ɗan ƙasa, ina taka rairayi da silihwas, abokan tasha suna wuce ni suna mini oda.

Wurin da nis san za a iya abin shi ne siber, shagon intanet na wani babban abokina, can wajen mishan. Kirista ne, shi ka jan waƙa a majami'arsu ran Lahadi, sauran kwanaki shina buga ma mutane takardu. Mutumin kirki, amma ƙohwar shagon nan, subhanallahi. Lambatu ne ya toshe tun damanar bara, baƙin ruwa da ledoji da wata mushen kaza da ta kumbura har ta gaji. Sai ka riƙe numhwashi ka yi tsalle kahin ka shiga duniyar zamani. Kawu yat tattare riga yat tsallaka shina tohwar da yawun asuwaki, ɗaya ma a kan ƙahwata yas sauka.

Mai siber yas saurare mu, yac ce yin sit ba wuya. Abin da za a hwara zaɓa shi ne inda za a aje shi.

"A aje shi mangaza," in ji Kawu. "Akwai wuri bayan buhuna."

"A'a Alhaji. Sit sai a cikin wata babbar ordinatar da ba ta barci, sarbar a ka ce mata. Haya a ka kamawa cikinta, kamar ɗaki."

"Tana ina?"

"Ƙasar Turawa."

"To wa yag gan ta?"

Mai siber yad dube ni, nid dubi silin. Kawu mutum ne da ba shi sayen buhu sai ya soka mai ƙarhe ya ga ƙwayar da ke tsakiya, ya tauna, ya tohwar. Yanzu an ce shi kama ɗaki a gidan da ba shi iya ƙwanƙwasa bangonai shi ji ko akwai gara.

Mai siber yaj jawo takarda yay yi zane. Yac ce na hwarko shi ne na taro: mutane da yawa a ɗaki guda, kowa da tabarmatai, masai ɗaya, randa ɗaya. Shi ya hi sauƙi, kuma ya ishe mai wake.

"Su wa ne mutanen?" Kawu yat tambaya.

"Ba a sani ba, Alhaji. Kowa na iya kamawa."

"Har mai caca?"

"Shina yiwuwa."

"Har masu hotunan tsiraici?"

Mai siber yas sosa kai. Kawu yay yi a'uzubillahi har sau ukku, yac ce wakenai na halal ba shi kwana tabarma ɗaya da 'yan iska. Nic ce: "Kawu, ai ko a mota wakenka tare da kowa shike tahiya. Ran nan da akuya da kwalin giya an ka loda shi." Yac ce in rihe mai baki.

Na biyu, wai gajimare. Shi wannan ba ɗaki ɗaya ba ne, in baƙi sun yi yawa sai shi buɗe da kainai, in sun ragu shi tsuke, kuma sai ƙarshen wata ka san abin da kac ci, kamar kwantar ɗin kuran, mai ƙirga wutar lantarki. Nan Kawu yag gyara zama, don an zo hwagenai. Yac ce cinikin da ba a san kuɗɗinai ba tun hwarko bai halatta ba, daidai shike da sayen gero tun bai hidda kai ba. Yaj jawo wa'azi tun daga tushe. Mai siber, bawan Allah, shina ta gyaɗa kai kamar ran Lahadi. Ni kuwa warin kazar nan na shigowa ta taga, ina jin motoci na wucewa da mutanen da ni ya kamata in ɗauka.

Saura na tsakiya, wanda a ka ce ma be-pe-es. Babbar ordinatar ɗin ce a ka yanka ɗaki-ɗaki, kowa da bangonai da ƙohwatai, ba ka ganin maƙwabci, ba shi ganinka. Ɗakin ba na gaske ba ne, in ka je ba ka iya taɓa shi, amma shina aiki kamar ordinatar cikakka. Wanga ya yi ma Kawu. Sai mai siber yac ce shi ma iri biyu ne. Akwai mai gadi: masu gidan su ka share shi, su gyara ƙyaure, su kori ɓarayi, in abu ya lalace su mayar da shi yadda shike jiya. Akwai kuma marar gadi: a miƙo maka ɗaki wayam, kai ne magini, kai ne mai shara, kai ne kare.

"Alhaji, ni dai mai gadin nike ba ka shawara," in ji shi. "Ni ina da aikina, ba ni iya kwana kan naka."

"Mai gadin nan, shina da makulli?"

"Dole."

Kawu yad dahwa ƙugunai, makullan sunka yi ƙara. Yac ce shekara da shekaru ko Hajiya ba ta taɓa riƙa makullin mangaza ba, balle wani Bature da bai san alwalla ba. Namiji shi ka gadin kayanai. In ma ana son mai gadi, ga shi nan zaune shina hamma. Yan nuna ni da asuwaki.

"Kawu, ni ko karen gidanmu ba shi jin maganata."

"Za ka koya."

Da munka koma gida, Kaka na zaune gindin bedi tana ɓarar gujiya. Ita ta haihi Kawu da innata. Mutuniyar Matankari ce, kuma a zamaninta ba a buɗe wasan bori ba ta wurin. Kawu ya hana ta, ya ƙone 'yan tsummokaranta, amma bai iya ƙone bakinta ba. Tag gan ni a ƙasa tac ce: "Mai gida, ina dokin? Ni ba ni zama da miji mai tahiya da ƙahwa."

Nic ce: "Ɗanki yaƙ ƙwace, uwargida. Sai na samo mai ɗaki cikin ordinatar." Nib ba ta labari yadda nij ji shi: abu ne marar jiki, shina zaune cikin jikin wani, shina aiki, shina magana, ba a ganinai.

Ta aje gujiyar. "To mi ab baƙo a nan? Wanga ai mun san shi tun kahin a haihi ubanka. Doguwa ce. Ta samu goɗiya ta hau."

"Inna!" in ji Kawu. "Ilimi ne na zamani, ba shirka ba."

"To. Ni dai abin da nis sani, irinsu ba a aje su ba mai kula da su. In ka kama ka yi sakaci, wani za shi kira ta ta amsa."

Kawu yash shige ɗaki shina istigihwari.

Kwana ukku muna siber. Marar gadin nan, ashe in ka buɗe shi ba komi sai baƙin ekaran, huskar ordinatar wayam, da wani ɗan ɗigo shina ƙibta maka ido kamar ɓera cikin rumbu. Mai siber shina buga wasu kalmomi da ba Faransanci ba, ba Hausa ba, shina cewa in lura, wai gobe ni za ni yi. Ina lura da ƙudan da ke yawo kan kofinai. Kuran shi ɗauke, mu zauna cikin zuhwa, shi dawo, rezon intanet shi tahi. A rana ta ukku sit yat tashi. Yay yi muna wata 'yar ƙohwa ta baya inda mutum ka shiga shi canza hoto da rubutu ba sai ya bi ta baƙin ekaran ba. Sannan yar rubuta layi huɗu a takarda: adireshin sit, adireshin ƙohwar baya, sunan shiga, da kalmar sirri. Yac ce na hwarko na duniya ne, ukkun na ƙasa kuwa ko matarka kar ta gani.

Na hwaɗa ma Kawu haka, wallahi na hwaɗa. Amma lokacin shina waya da wani direba, yak karɓe takardar yas soka aljihu, yac ce takardar gida hannun mai gida take zama.

Nic ce to makullina. Yac ce wane makulli, shi bai ga wake cikin waya ba tukuna, hoton kainai kaɗai yag gani. Wake mai kyau kuma shina Sukukutane, wurin wani mai tara mai. In tahi in ɗauko hoto.

Kar Allah shi maimaita mini tahiyar nan. Motar kasuwa, mu goma sha wani abu a baya, rairayi har gwiwa, mu sauka mu tura mu hau. Wani bunsuru da an ka ɗaure bisa kaya yas saki hitsari, yab biyo ƙarhe yas sauka daidai wuyana, mai ɗumi. Wata tsohuwa tac ce in yi haƙuri, magani ne. Da nis isa, rabin buhunan ƙwari sun huda su, in ka sa hannu sai gari da wari kamar tsohon takalmi. Mai tarawa yaz zuba mai kyau a bisa, yac ce in ɗauka daga nan. Niɗ ɗauka. A sit kuwa an riga an rubuta wake mai tsabta, amana ita ce jarinmu. Kwana biyu niy yi kahin in samu motar komowa, ina warin bunsuru har karnuka na bina.

Ina sauka bakin gudron nig ga taro ƙohwar mangaza. Nid ɗaga kai.

Ku da ba 'yan garinmu ba, ku gane wani abu. A nan girman ɗan kasuwa a allonai shike. Duk lambar wayar da kake da ita sai mai penti ya rubuta, har wadda ta mutu, don mai lamba ɗaya ƙaramin mutum ne. Allon maƙwabci layi ukku gare shi. Kawu ya duba takardar nan ya ga layi huɗu. Yak kira mai penti yac ce shi kwahe duka, kar shi bar ko ɗigo. Mai penti kuwa gwani ne, Allah ya ba shi hannu. Ga adireshi, ga ƙohwar baya, ga sunan shiga, ga kalmar sirri da jan penti, kowane harahi kamar kan yaro, har da inuwa. Daga cikin babbar mota mai zuwa Yamai kana iya karantawa ba ka sa gilashi ba. Kwana biyu ke nan allon na tsaye, kuma hanyar 'yan makarantar lise ce sahe da rana.

Taron kuwa, ran Juma'a ce, Kawu ya gayyato mutanen masallacinsu bayan an sauko, su ga abin da maƙwabci bai da shi. Duk ga su nan, gemu da gemu, har shi maƙwabcin. Kawu yag gan ni yac ce: "Yawwa, ga ɗan lakkwal. Buɗe musu."

"Kawu, mu shiga ciki tukuna."

"Buɗe nan. Abin alheri ba a ɓoye shi."

Nib buɗe. Inda hoton Kawu shike, wani ɗan albarka ya sa bunsuru, da gemu, da hula an ɗora mai. A ƙasa an bar rubutun yadda shike, amana ita ce jarinmu. Kahin in danne, waya tak kwashe da goge, irin na bori tsantsa, wanda a ka kiran doguwa da shi, ga ƙwarya na amsawa. Na manta na ƙure ƙara tun cikin mota. Dattawan nan sunka watse kamar an jehwa wuta, wani na toshe kunne, wani na neman takalmi. Maƙwabci kaɗai yat tsaya, yal leƙa wayar da kyau, yac ce: "Alhaji, kamar dai an rage maka kumatu."

Har yau ba mu san wanda yay yi ba. Duk wanda ya iya karatu a Dogon Dutsi ana iya zarginai.

Da la'asar an ka yi zaman shari'a a tsakar gida. An kira mai siber, yaz zaka da ordinatar ɗinai a hammata. Kaka na gindin bedi, ta sa an kunna mata gogen sau biyu, tana kaɗa ƙahwa, tana cewa mai gogen ya iya, ba na yaran yanzu ba ne.

Mai siber yac ce ba hoton kaɗai an ka taɓa ba, an yi ta tone-tone ciki, kuma tunda ba mai gadi, ba wanda ya aje kwahin jiya. Sai an rushe an sake. Yac ce: "Alhaji, wanga karon ka ɗauki mai gadi. Su za su riƙa ajiya, in an ɓata a mayar. Kuma a goge allon yau."

"Ba ni ba baƙo makullina," in ji Kawu. "Ina da mai gadi. Shi yay yi barci."

"Barci, Kawu? Ina Sukukutane bunsuru na mini wanka!"

"Wa yac ce ka daɗe? Kai an ka ba amana. Ka san takardar na da sirri, ka bar ta hannuna?"

"Ƙwata kay yi!"

"Da ka hana ni."

Kaka tac ce: "Wa ka hana ka abu, kai da tun kana goye in ka cije nono sai an toshe maka hanci?"

"Inna, ki bari muna maganar zamani."

"Zamanin da yak kira doguwa ƙohwar mangazarka? Ni ka hana ni a ɗaki, kai ka kai ta bakin gudron."

Kawu yay yi kamar bai ji ba. Yas sake komawa kan Bature da alwalla, yac ce ko an sake sau goma marar gadi za a ɗauka, kuma ni za ni zauna siber in koyi baƙin ekaran ɗin nan ko da za ni shekara. Mai siber yar rihe ordinatar yad dubi ƙohwa. Ni kuwa nig ga shekara guda ina tsallaken mushen kaza, abokaina na kwashe mini mutane a tasha, ƙahwata na tsagewa cikin silihwas. Kawu yak kwance igiyar ƙugunai, yah hiddo makullin motona, yaɗ ɗaga shi sama yadda kowa za shi gani.

"Ka gan shi? Ba ka ƙara taɓa shi sai ka koyi riƙon amana. Makulli ba abin wasa ba ne. Mutum mai hankali shina sanin inda za shi aje makulli."

Abin da nim mayar mai shi yak kashe maganar. Kaka sai da tash shaƙe da gujiya, mai siber yaj juya baya kahwaɗunai na rawa. Kawu yaw wurgo mini makullin a ƙirji, yac ce ma mai siber shi ɗauki mai gadin, shi kuma biya wurin mai penti a kan hanya. Cewa niy yi:

"Gaskiyarka, Kawu. Kar ma ka ba ni a hannu. Rataya shi jikin allo, in zo in ɗauka kamar kowa."